Asma da alaji a jikin yara: tambayoyin iyaye idan hunturu ya kama a Kaduna

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke lulluɓe Kaduna tun daga Kawo har Kakuri, da wuya a sami layin da ba a jin tarin yaro cikin dare. Yawancin wannan tari mura ce, mako ɗaya ko biyu ta wuce. Amma akwai yaran da nasu tarin ba ya tafiya, ko ya tafi ya dawo, kuma duk dawowarsa sai an koma kemis an sake sayen sirof da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tambayoyin nan na iyayen irin waɗannan yara ne.

Mece ce asma, kuma me ya sa take zuwa ta tafi?

A cikin huhu akwai ƙananan hanyoyi da iska ke bi. Ga mai asma, bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake, kuma abu kaɗan ke tunzura shi. Da ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa shi, sai tsokar da ke kewaye da hanyar ta tsuke, majina ta taru, iska ta rasa wurin fita. Wannan ne ke kawo tari, da haki, da ƙarar nan mai kama da fito da ake ji idan yaro zai fitar da numfashi.

Abin da ke zuwa ya tafi shi ne tashin ciwon. Kumburin kuwa yana nan ko yaro na tsalle-tsallensa lafiya lau, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin maganin. Ba a ɗaukar asma daga wani, amma tana bin dangi, musamman gidan da ake yawan atishawa da ƙaiƙayin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da ita, kuma ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun maganin da ya dace.

Yaya zan gane asma ce, ba mura ko nimoniya ko tarin fuka ba?

A lura da lokacin tarin da abin da ke tayar da shi. Tarin asma ya fi tashi tsakar dare ko da asuba. Yana tashi idan yaro ya yi gudu, ko ya yi dariya sosai, ko kuka, ko an yi shara, ko an sa turare. Mura ta kama kowa a gida, kowa ya warke, shi kuma tasa ta sauka ƙirji ta shafe makonni. Sau da yawa babu zazzaɓi.

Nimoniya takan zo da zazzaɓi mai zafi, yaro ya kwanta ya ƙi cin abinci, numfashi ya yi sauri. Ana iya ƙirgawa da agogon waya lokacin da yaro yake a natse: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga jariri ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri, a tafi asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu kullum babu sassauci, tare da rama da zufar dare, balle idan akwai babba mai tari a gidan, sai an gwada tarin fuka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan wannan ciwo tana nan Saye, a Zariya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Yaro ƙarami da bai taɓa ciwon ƙirji ba, yana cikin cin gyaɗa ko gurjiya ko masara ya ƙware, daga ranar kuma ya fara tari da fito, wannan ba asma ba ce sai an tabbatar babu abin da ya faɗa masa hanyar iska. Ku faɗa wa likita labarin ƙwarewar ko da ta yi wata guda.

Akwai gwajin da ke nuna ta?

Ga yaron da ya kai shekara 5 ko 6, akwai na'urar da zai hura da ƙarfi a auna yawan iskar da ya fitar da saurinta, a ba shi maganin buɗe ƙirji, a sake aunawa bayan kamar minti 15. Idan an ga bambanci sosai, alama ce mai ƙarfi. Ƙanana ba sa iya hurawar, don haka likita yakan dogara da labarin da uwa ta bayar, wani lokaci ya ɗora yaro kan magani na wata biyu ko uku a ga ko za a sami sauƙi. Hoton ƙirji ba ya nuna asma, ana yin sa ne don a kawar da zargin wasu cututtukan. Haka kuma ba kowane jariri mai fito ne mai asma ba, da yawa mura ce ke jawo musu, su daina kafin su shiga firamare.

Matsalar ita ce ranar da aka je asibiti yaro yakan zama garau, likita ya sa abin sauraro bai ji komai ba. Ku ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da abin ya tashi, a cire riga a ga ƙirjin, a ji sautin. Wannan ya fi dogon bayani. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wurare ne da ake tura irin waɗannan yara idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti.

An rubuta mana inhela, wato maganin da ake fesawa a shaƙa, amma kakarsa ta ce idan ya saba da shi ba zai rabu da shi ba har abada. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma a ganina babu jita-jitar da ta cutar da yara masu asma kamar wannan. Inhela ba ya sa jaraba, ba ya raunana huhu, kuma ba maganin waɗanda ciwonsu ya yi nisa ba ne. Shi ne matakin farko. Abin mamaki, uwar da ke tsoron inhela ita ce za ta ba yaro sirof ɗin salbutamol cokali-cokali, alhali magani ɗaya ne. Bambancin kawai, na sha sai ya zaga jini duka kafin ya isa huhu, ya daɗe bai fara aiki ba, ya sa hannu rawa da bugun zuciya. Na shaƙa kuwa ɗan kaɗan ne, kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake, cikin mintuna ya buɗe ƙirji.

Inhela iri biyu ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai mai buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yawanci shuɗi. Akwai kuma na kariya, irin su beclometasone da budesonide, sau da yawa ruwan ƙasa, wanda ke kwantar da kumburin nan na ciki. Na kariya ba ya ba da sauƙi nan take, sai an yi kwanaki zuwa makonni ana shaƙa kullum, da ciwo da ba ciwo. Shi ya sa iyaye ke cewa ba ya aiki, su ajiye shi su riƙe shuɗin kaɗai, wato an kashe maciji ba a sare kansa ba. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar matasa da manya a kan shuɗin shi kaɗai. Idan yaronku na buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa daga barci, ko gwangwanin shuɗin uku na ƙarewa a shekara, ciwon bai kwanta ba, a koma wurin likita.

Su Hajiya Kaka ba mugunta ce ta sa su faɗa ba, tausayi ne. Zai fi kyau a tafi da su asibitin su ji da kunnensu.

Na ji an ce na kariyar sitiroyid ne. Ba shi ne ke kumbura fuska ba?

Mai kumbura fuska shi ne ƙwayar da ake haɗiya, irin su prednisolone da dexamethasone, idan an daɗe ana sha. Likita kan ba da ita na kwana uku zuwa biyar idan ciwo ya tashi da ƙarfi, a tsaya. Haɗarin yana wurin masu sayo ta a kemis duk lokacin da yaro ya yi tari. Na shaƙa adadinsa ƙanƙani ne. Abin da aka sani game da shi, yana iya rage tsawon yaro da kimanin santimita ɗaya, yana iya kawo farin ƙuraje a baki ko dishewar murya, su kuma kurkure baki da ruwa bayan shaƙa yana hana su. Sirof ɗin tari ba ya maganin asma, mai kodin kuwa tun 2018 gwamnati ta haramta shi.

Muna fesa masa amma kamar a baki yake tsayawa.

Haka ne, yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi lokaci guda, manya ma da yawa ba sa iyawa. Akwai bututun roba da ake kira sifesa, a soka inhela a gefe ɗaya, yaro ya kama ɗaya gefen da baki, ƙarami kuma a sa masa mai marfin da ke rufe hanci da baki. A girgiza inhela, a danna sau ɗaya, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a danna na biyu. Kada a danna biyu a tare.

Idan ba a samu ba ko kuɗinsa ya yi yawa, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi. A huda gindinta daidai bakin inhela yadda zai shiga cif babu inda iska ke fita, yaro ya kama bakin gorar. Ba dabarar ƙauye ba ce, likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka wallafa a 1999 cewa aikinta ya yi daidai da na sifesar kanti. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma.

Idan ya tashi cikin dare fa?

A zaunar da shi, kada a kwantar. A ba shi shuɗin ta sifesa, fesa ɗaya-ɗaya: yawanci 2 zuwa 6 ga wanda bai kai shekara 6 ba, 4 zuwa 10 ga wanda ya kai, sai dai idan likitansa ya rubuta wani adadin. Ana iya maimaitawa bayan minti 20. Idan ba ya iya ƙarasa magana ko shan nono, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ƙasan wuyansa na lotsawa, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko ya galabaita yana lumshe ido, a nemi mota ko a-daidaita yanzu, ana ci gaba da fesa masa a hanya. Idan fiton ya ɗauke alhali yaro na ƙara wahala, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa. Ba lokacin shafa man zafi ko turara masa hayaƙi ba ne, kuma ba a jiran gari ya waye.

Me za mu gyara a gida?

Hayaƙi ne kan gaba: itace da gawayi, risho, janareta a bakin taga, ƙona shara, sigari, da maganin sauro na kunnawa. Gidan sauro ya wadatar. Turaren wuta kuwa na san magana ce mai nauyi a wurin matan Arewa, amma kasko a ɗaki rufe shi ne abin da ke tayar wa yara da yawa. A turara lokacin da yaro ba ya nan, a buɗe tagogi kafin ya dawo, ɗakin kwanansa kuma a bar shi babu. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa shanya katifa da filo a rana, a ɗauke tsohon kafet, a yaƙi kyankyasai. Ranar da hazo ya yi kauri, babban yaro ya sa takunkumi zuwa makaranta. Ayaba da ruwan sanyi ba su ke haifar da asma ba, kada a hana yaro abinci sai an ga ƙarara yana tayar masa.

Ina alaji ya shigo ciki?

Tushensa ɗaya da asma, jiki ne ke ɗaukar abin da ba cuta ba a matsayin maƙiyi. A hanci, atishawa ce a jere da majina mai ruwa da toshewa, babu zazzaɓi, kuma idan ba a kula da hancin ba ƙirjin ma ba ya kwanciya. Cetirizine ko loratadine sun fi Piriton ga ɗan makaranta, don ba sa sa barci kamarsa. A ido, shi ne yaron nan mai yawan murza ido har farin ya koma ruwan ƙasa, abin da ake gani sosai a ƙasashe masu zafi da ƙura. Kada a sayo masa maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis, daɗewa a kansa na iya jawo gilakoma, ciwon da ke makantarwa, gara a kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke cikin garin nan. A fata, bushewa ce da ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, babban maganinta shafa mai marar turare akai-akai, irin su basilin.

Alajin abinci ya fi zuwa daga gyaɗa, ƙwai, madarar shanu da kifi, kuma yakan bayyana cikin mintuna zuwa awa biyu: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai. Idan ya haɗa da sarƙewar numfashi ko dishewar murya ko suma, allurar adiranalin kaɗai ke tsayar da shi, Piriton ba ya isa, asibiti za a nufa a guje. Gwajin fata ko na jini yana taimakawa, amma yakan nuna alaji ga abincin da yaro ke ci lafiya, don haka ba a yanke hukunci da takarda kaɗai.

Zai rabu da ita idan ya girma? Zai iya ƙwallo?

Wasu takan lafa musu lokacin balaga, wasu ta dawo daga baya, wasu su ci gaba da ita. Ƙwallo kuwa ya buga, idan gudu na tayar masa a ba shi shuɗin kamar minti 15 kafin wasa, a kuma faɗa wa likita. Malaminsa na boko da na Islamiyya su san yana da ita, su san inda inhelarsa take da adadin da ake fesa masa, a kuma cire shi daga sharar aji da ta fili lokacin hunturu.