Kwaikwayon aukuwa ɗaiɗai a binciken hanyoyin sadarwar kwamfuta

Kwaikwayon aukuwa ɗaiɗai hanya ce ta gwada rezo, wato hanyar sadarwar kwamfutoci, a cikin kwamfuta guda, ba tare da an ja waya ko an sayi na'ura ba. Manhajar tana jera aukuwa bisa lokacin kowace: fitar ƙunshin bayanai, isarsa, cikar layin jira. Agogonta ba ya tafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tsalle yake yi daga wannan aukuwa zuwa ta gaba, shi ya sa sa'a guda ta rezo maras cunkoso kan ƙare cikin ƙiftawar ido.

Manhajojin da aka fi sani su ne ns-3, wadda ta fito a 2008 kuma ake rubuta mata gwaji da harshen kwamfuta na C++ ko Python, da OMNeT++ ta András Varga, mai bayyana tsarin rezo da harshen NED. Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai iya sauke su kyauta don karatu.

A ɗauki layin zaren gilashi daga Yamai zuwa Tahoua, kimanin kilomita 550. Haske a cikin zaren yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa, jinkirin tafiya ya zama milisakan 2.75. Ƙunshi mai bayit 1,500 a kan layi mai megabit 10 a daƙiƙa yana ɗaukar milisakan 1.2 kafin ya gama fita. Sai a ƙara kwamfutocin mahara 50 masu antayo buƙatun bogi, a auna nawa ne daga saƙonnin masu amfani na gaskiya suka zube. Ana ajiye zirga-zirgar a fayil ɗin pcap, mai adana ƙunshin bayanan da suka wuce, a buɗe da Wireshark, manhajar duba irin wannan fayil.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudanar da gwaji sau ɗaya. Lambobin ƙuri'ar da manhajar ke fitarwa daga iri guda, wato lambar farawa, suke tsirowa. In ba a sauya RngRun ba, wato saitin ns-3 mai canza jerin waɗannan lambobi, sakamako ɗaya za a yi ta samu, mai bincike ya ɗauka tabbaci ne. A maimaita sau da yawa, a kuma yar da daƙiƙun farko, lokacin da layukan jira ba su cika ba.

Abin da ya fi shafar masu binciken tsaro shi ne ns-3 ba ta lissafa wahalar da injin kwamfuta ke sha sai an saka mata. Ɓoye saƙo da mabuɗi kan bayyana kamar kyauta ne, alhali a na'ura ta gaske yana cin lokaci. Saboda haka duk kariyar da ta yi kyau a kwaikwayo, sai an sake gwada ta a kan na'urori biyu ko uku kafin a amince da ita.