Ma'anar Bitstream, da abin da ya sa tsohuwar amfilifaya ke buƙatarsa

A saitin sauti na na'urar DVD ko Blu-ray akwai wurin da ake zaɓa tsakanin Bitstream da PCM. Ga mai tsohuwar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙarfafa sauti ya raba wa sifikoki, wannan zaɓin ne ke yanke ko sifikokin baya za su samu sautin da aka shirya musu, ko kuwa ragowar na gaba za a raba musu.

Sautin 5.1 layi shida ne: hagu, tsakiya da dama a gaba, biyu na kewaye, sai na shida mai ɗauke da rugugi, wanda ke zuwa sabwufa, wato sifikar da aka keɓe wa rugugi. A yawancin faya-fayai ana matse layukan nan a ƙunshi guda, ko dai Dolby Digital ko DTS, kuma dole wata na'ura ta kwance ƙunshin kafin a ji komai. Idan aka zaɓi Bitstream, na'urar faifai za ta miƙa ƙunshin a ɗaure, amfilifaya ta kwance. Idan aka zaɓi PCM, na'urar faifai ce za ta kwance da kanta, ta tura sautin a warware.

Ta wayar HDMI duka biyun suna aiki, domin tana iya ɗaukar layi takwas a warware. Amma amfilifayar da aka ƙera kafin HDMI ya yaɗu, ƙofa biyu gare ta ta dijital: oftikal, mai aiki da haske, da ko'aksiyal, mai kai irin na RCA, wato irin kan wayoyin sauti ja da fara da aka saba da su. Dukkansu tsari ɗaya suke bi, S/PDIF na kamfanonin Sony da Philips, kuma hanyar ba ta da faɗi. Layi biyu kacal take ɗauka a warware. Layi shida ba sa wucewa sai a matse: Dolby Digital har zuwa kilobit 640 a daƙiƙa, DTS kusan megabit 1.5. Saboda haka wanda ya bar saitinsa a PCM, na'urar za ta dunƙule layi shida su koma biyu, sau da yawa ma ta zubar da layin rugugin.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne duk da haka sifikokin baya suna ƙara. Aikin Pro Logic ne wannan, wani tsari a cikin amfilifaya wanda ke tsamo sautin tsakiya da na baya daga layi biyu. Kada ka dogara da kunne, duba fuskar amfilifaya: in ta rubuta Dolby Digital ko DTS, ka samu na ainihi, in PCM ko Pro Logic ka gani, layi biyu ne ke shigowa.

Haɗin da ya fi dacewa shi ne HDMI daga na'urar faifai zuwa talabijin domin hoto, sannan oftikal ko ko'aksiyal kai tsaye zuwa amfilifaya domin sauti. Tsakanin wayoyin biyu babu wadda ta fi wata sauti, sai dai ta ko'aksiyal ta kasance mai om 75, ta oftikal kuma a cire 'yar hular robar da ke bakinta kuma kada a lanƙwasa ta sosai. Daga nan ka sa saitin fitar dijital a Bitstream, ka kuma nuna wa amfilifaya wace ƙofar dijital ce ta DVD. Idan aka manta wannan, sai ta ci gaba da sauraron wayoyin RCA ja da fara, masu layi biyu. Biyo da sautin ta ƙofar oftikal ta talabijin kuwa ba abin dogaro ba ne, domin talabijin da yawa suna shaida wa na'urar faifai cewa layi biyu kawai suke karɓa.

Shi Blu-ray, wanda ya fito a 2006, ya zo da sababbin tsare-tsaren sauti, Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, kuma babu ɗaya da ke wucewa ta oftikal. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. A cikin DTS-HD akwai DTS na asali, kuma TrueHD a faifan Blu-ray yana tafe da Dolby Digital, su na'urar za ta tura. Dolby Digital na DVD bai wuce kilobit 448 ba, na Blu-ray yana kaiwa 640, don haka tsohuwar amfilifaya ma ta ci riba. Matsala ta gaske tana wajen amfilifayar da ba ta san DTS ba: za ta yi shiru, ko ta fitar da wata ƙara mai kaifi da ka iya lalata sifika, shi ya sa ake rage murya kafin gwaji. Mafita ita ce zaɓar Dolby Digital a jerin sautukan faifan, ko kunna saitin da ke mayar da sauti zuwa Dolby Digital in na'urar tana da shi. Haka nan faifan da babban sautinsa PCM 5.1 ne, layi biyu zai bayar ta oftikal sai an zaɓi ɗaya sautin.

Sababbin na'urori da yawa HDMI kaɗai gare su. A nan ana sa 'yar akwatin da ke tsamo sauti daga HDMI ta fitar ta oftikal, a tura makunninta zuwa 5.1.

Idan kuma na'urar faifai tana da ƙofofin RCA shida, amfilifaya ma tana da mashiga shida, to wannan ce hanyar jin TrueHD da DTS-HD cikakku, muddin na'urar tana iya kwance su. Sai dai amfilifaya da yawa ba sa sarrafa abin da ya shigo ta nan, don haka girman sifikoki da nisansu a na'urar faifai za a saita, kuma layin sabwufa yakan buƙaci ƙarin desibel 10.