Abin da ke sa masu ilimi da basira su gaskata koyarwar Scientology

Scientology wata aƙida ce kuma ƙungiya da L. Ron Hubbard ya kafa a Amurka. Shi dai Hubbard marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne, an haife shi a 1911 ya mutu a 1986. Ya fara da wani littafi mai suna Dianetics a watan Mayun 1950, wanda ya ce hanya ce ta warkar da damuwar ƙwaƙwalwa, daga baya abin ya rikiɗe ya koma addini, aka buɗe cocinsu na Los Angeles a 1954. Tambayar da mutane suka fi yi game da ita ita ce, ta yaya likita ko lauya ko injiniya ko fitaccen ɗan fim zai zauna ya yarda da irin waɗannan abubuwa? Masana halayyar ɗan'adam da masu nazarin sabbin addinai sun daɗe suna bibiyar zancen, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne ba wanda ake bai wa aƙidar gaba ɗaya ranar farko, da kaɗan-kaɗan ake shiga, kuma basirar mutum ba ta tsare shi, sau da yawa ma ita ce take taya shi kare abin da ya riga ya faɗa ciki.

Yadda ake shigowa

Yawanci mutum ba addini yake nema ba lokacin da ya shigo. Aurensa ne ke tangal-tangal, ko an yi masa rasuwa, ko sana'a ta ƙi gaba, ko kunya ce ta hana shi magana cikin mutane. Sai a tare shi a titi ko wani aboki ya kawo shi, a ce ya zo ya yi gwajin hali kyauta. Gwajin tambayoyi 200 ne, sunansa Oxford Capacity Analysis, ba shi da wata alaƙa da jami'ar Oxford amma sunan kaɗai yana sa mai ilimi ya saki jiki. In ya gama sai a zana masa sakamako a takarda, layi yana hawa yana sauka, ma'aikaci ya ɗora yatsa a inda layin ya faɗi ya ce ka ga nan, ai nan ne matsalarka. Hubbard da kansa ya koya wa masu jawo mutane cewa su lalubo abin da ke rusa rayuwar mutum su nuna masa, sannan su ce Scientology na da maganinsa. To waye ba shi da abin da ke damunsa? Daga nan sai a sayar masa da ɗan kwas mai araha, sau da yawa na koyon mu'amala da magana.

Kuma gaskiyar magana mutane da yawa suna jin sun amfana a wannan matakin, ko waɗanda suka fita daga baya suna faɗin haka. A cikin atisayen farko za a zaunar da kai gaban wani, ku kalli juna ido cikin ido na dogon lokaci ba motsi ba magana, daga baya ya riƙa tsokanarka yana faɗa maka maganganu don ka yi dariya ko ka fusata, kai kuma ka daure. Wanda bai taɓa iya haɗa ido da maigidansa a ofis ba in ya wuce wannan zai ji kamar an sauke masa kaya. Wannan sauƙin da ya samu na gaske ne, kuma shi ne jarin da ake gina duk sauran a kai.

Rigar kimiyya

Babban aikin da ake yi a ciki shi ne oditin. Mutum yana zaune riƙe da gwangwanaye biyu na ƙarfe, waya ta haɗa su da wata na'ura da suke kira E-mita, mai tambaya yana gefe guda yana kallon allura yana jefo tambayoyi a kan abubuwan da suka taɓa yi wa mutum ciwo, a maimaita a sake maimaitawa har sai ya ji zafin abin ya ragu. Na'urar a zahiri abin da take aunawa shi ne yadda ɗan ƙaramin lantarki ke ratsa fatar hannu, gumi ko yadda ka matse gwangwanin ma yana motsa allurar, amma su sun ce tana nuna nauyin tunani ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙwace irin waɗannan na'urori a 1963, kuma a 1971 kotu ta ce dole a manna musu sanarwar cewa ba sa gano cuta ba sa warkarwa.

Nan ne mai ilimi ya fi kamuwa. Ba a ce masa ya yi imani, ce masa ake yi ya gwada ya gani da idonsa, abin da ya tabbata a wurinsa shi ne gaskiya. Wannan magana tana yi wa mai tunani daɗi don tana girmama hankalinsa. Sai dai abin da yake gwadawa shi ne yadda yake ji a ransa, kuma duk wanda ya samu mai sauraronsa awa biyu cur ba katsewa ba zargi, zai tashi da sauƙi ko da na'ura ko babu. Shi kuma sai ya danganta sauƙin ga ka'idar Hubbard gaba ɗaya. Bayan an kammala kwas ko wani mataki kuma akan sa mutum ya rubuta nasarar da ya samu da hannunsa, to ka ga ya zama mai ba da shaida a kan kansa.

Tun farko ma masu ilimi ne suka ɗaga abin. John W. Campbell, editan mujallar da ta buga bayanin Dianetics, ya karanci fiziks, sannan wani likita Joseph Winter shi ya rubuta gabatarwar littafin, duk da cewa bai daɗe ba ya raba gari da Hubbard. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta yi gargaɗi tun a 1950 cewa babu hujjar kimiyya a kan iƙirarin. A watan Agustan shekarar Hubbard ya gabatar da wata ɗaliba gaban dubban mutane a Los Angeles a matsayin wadda ta kai matakin Kiliya, wato ƙwaƙwalwarta ta wanke tas ba ta mantuwa, amma da ya juya baya aka tambaye ta launin nakatayal ɗin da ke wuyansa sai ta kasa faɗa. Duk da haka tafiyar ba ta mutu ba.

Tsani mai hawa-hawa

Koyarwar a jere take kamar matakala, suna kiranta Gada. Sai ka gama wannan za a buɗe maka na gaba, kowanne da kuɗinsa, kuma wanda zai kai ƙarshe yakan kashe dubban ɗaruruwan daloli cikin shekaru masu yawa. Bayan Kiliya akwai matakan OT (Operating Thetan, wato ruhin da suka ce ya dawo da ikonsa) guda 8, na takwas a cikin jirgin ruwansu Freewinds ake bayar da shi. Labarin nan da ake yawan yi musu dariya a kai, na wani sarkin sararin samaniya Xenu da wai ya kawo biliyoyin halittu duniya shekara miliyan 75 da suka wuce ya hallaka su a duwatsu masu aman wuta, ruhohinsu suka manne a jikin mutane, sai a mataki na uku na OT ake nuna shi, a asirce, bayan an gargaɗi mutum cewa wanda ya karanta bai shirya ba zai iya cutuwa. Yawancin mabiya ba su ma kai nan ba. Wanda ya kai kuwa ya riga ya zuba dukiya da shekaru, abokansa duk 'yan ciki ne, wataƙila matarsa da 'ya'yansa ma.

Kamar mai haƙa rijiya ne da ya yi gaba ashirin bai ga ruwa ba, barin ramin ya fi masa ciwo a kan ƙara gaba ɗaya. Masanin halayyar ɗan'adam Leon Festinger ya yi bayanin wannan a 1957, cewa in abin da mutum ya gani ya ci karo da abin da ya sadaukar da kansa a kai, yakan gyara fahimtarsa ne don ransa ya kwanta. A 1959 Elliot Aronson da Judson Mills suka nuna a gwaji cewa waɗanda suka sha wuya kafin a shigar da su wata ƙungiya sun fi ganin darajarta. Kuma a nan kaifin basira na iya zama matsala, don mai wayo ya fi kowa iya ƙirƙiro dalili, zai ce ai misali ne, ko ai ni ne ban gane ba tukuna, ko mataki na gaba zai warware. Paul Haggis, marubucin fim da ya ci kyautar Oscar, ya shafe sama da shekara 30 a ciki, ya faɗa da bakinsa cewa da ya karanta takardun mataki na uku na OT ya ga abin kamar hauka ne, amma ya ci gaba da zama.

Yadda ake toshe shakka

Tsarin karatunsu ya ce in ka ji ba ka yarda da wani rubutun Hubbard ba ko ka ji ya gundure ka, to akwai kalmar da ka wuce ba ka fahimta ba, sai ka koma ƙamus ka nemo ta. Wato kuskuren kullum naka ne, rubutun ba ya kuskure, kuma wata takardar umarni ta 1965 ta hana a canza komai a cikin tsarin. Ga kuma ɗaruruwan kalmomi nasu na kansu da mutum zai koya har ya zama da su yake tunani, abin da likitan ƙwaƙwalwa Robert Jay Lifton ya lissafa a 1961 cikin hanyoyin juya tunanin mutane, duk da shi a kan Sin ya yi nazarinsa. Labaran da ke sukar ƙungiyar ana hana mabiya karanta su. Mai sukar ƙungiyar ana iya ayyana shi a matsayin mai danniya, a umarci na ciki su yanke hulɗa da shi ko da uwa ce ko ɗa. Wannan shi ne ya fi komai ban tausayi a lamarin, don mutum na iya daina yarda a zuciyarsa amma ya yi shiru saboda kar ya rasa iyalinsa. Sannan duk sirrin da ya faɗa a oditin a rubuce yake cikin fayil. Cocin dai tana cewa yanke hulɗa zaɓin mutum ne, kuma fayilolin amana ce ba a taɓa su.

Akwai kuma daɗin jin cewa kai na musamman ne. Ana gaya wa mabiyi cewa shi ruhi ne da ba ya mutuwa, suna ce masa tetan, mai ikon da ya manta da shi, kuma su ne kaɗai ke da hanyar ceto duniya. Masu kishin gyara sun fi saurin amsa wannan kira, irinsu ne ke shiga Sea Org, rundunar da aka kafa a 1967, inda ake sa hannu a alƙawarin hidima na shekara biliyan ɗaya. An kuma buɗe cibiya ta musamman don taurari a Los Angeles a 1969, ganin irin su Tom Cruise da John Travolta a ciki yana sa sabon shiga ya ce ai waɗannan ba wawaye ba ne. Wasu kuma ba shiga suka yi ba, a ciki aka haife su.

Saɓanin masana

Ba duk masana suka yarda da kalmar wankin ƙwaƙwalwa ba. Masu nazarin zamantakewa irin su Eileen Barker, wadda ta yi aiki a kan wata ƙungiyar daban, sun nuna cewa mafi yawan waɗanda ke leƙa irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa zama, waɗanda suka zauna ma da yawa suna fita da ƙafarsu, kuma abota da dangantaka sun fi wa'azi jawo mutum. Alƙaluma sun goyi bayan haka, cocin tana iƙirarin miliyoyin mabiya amma ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 mutum 2,418 ta samu. Mabiyan su kuma suna cewa addininsu ne, ya gyara musu rayuwa, kuma kowane addini yana da labaran da na waje zai ga baƙi ne. Ƙasashe ma sun rabu, Amurka ta yafe mata haraji a matsayin addini a 1993, Jamus ta sa hukumar tsaron cikin gida ta sa mata ido daga 1997, wata kotu a Faransa kuma ta same ta da laifin damfara a 2009.

Masu fita ba kasafai hujjar ilimi ke fitar da su ba, yawanci wani abu ne ya taɓa su kai tsaye, matsin neman kuɗi ko wulaƙanci ko ƙarya da suka gani da idonsu. Cikin dalilan da Haggis ya bayar da ya fita a 2009 akwai cewa ya ga kakakin cocin a talabijin yana musanta cewa akwai dokar yanke hulɗa, alhali an taɓa umartar matarsa ta yanke hulɗa da iyayenta. Tun da takardun sirrin suka bazu a intanet a shekarun 1990, sabon shiga yana iya karanta abin da ke saman matakalar kafin ya taka ta farko, tsofaffin mabiya kuma suna samun juna suna ba da labarin abin da suka gani.