Bin Sawun Hukuncin Baya a Kotun Ɗaukaka Ƙara

Bin sawun hukunci ƙa'ida ce da kotunan Najeriya suka gado daga Ingila, wai idan kotun sama ta yanke magana a kan wata mas'ala to duk kotun da ke ƙasa da ita dole ta bi idan irin shari'ar ta sake zuwa, ko da alƙalin bai gamsu ba. Shi ya sa za ka ga lauya ya shigo babbar kotu da ke sakatariyar Audu Bako a Kano, yaronsa na biye da shi ɗauke da tulin littattafai, tsofaffin hukunce-hukunce ne a ciki.

Kotun Ƙoli tana iya warware nata hukuncin, ta yi hakan a 1980 a shari'ar Bucknor-Maclean da Inlaks. Su ma Turawan sai a 1966 kotun ƙolinsu ta wancan lokaci ta ba kanta wannan dama, tun 1898 take ɗaure da maganarta. Inda gardamar take shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976. Ita hukuncinta na baya yana ɗaure ta sai a wurare uku da aka fitar a shari'ar Young da aka yi a Ingila a 1944: in hukuncinta biyu sun ci karo ta zaɓi ɗaya, in Kotun Ƙoli ta saɓa mata, ko in an yanke ne da rafkanwa ba a duba wata doka ba.

Mai shari'a Denning na Ingila ya daɗe yana fafutukar a sassauta wa kotun ɗaukaka ƙara ta can wannan takunkumi, alƙalan kotun ƙolinsu suka taka masa birki a 1978. Hujjarsa gaskiya tana da ƙarfi, don talaka mai rigimar gona ko rumfar kasuwa ba shi da kuɗin kai ƙara Abuja, ga shekaru da ake yi ana jiran rana, in hukuncin baya kuskure ne shi zai kwana a ciki. Mu a Kano wannan tunanin ba baƙo ba ne, ɗaliban fiƙihu sun san wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa Al-Ash'ari, inda ya ce masa kada hukuncin da ya yi jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa.

Amma fa Kotun Ɗaukaka Ƙara rassa gare ta da yawa, Kano, Kaduna, Jos, Legas, kowane da alƙalansa uku-uku a zama. Ko yanzu da takunkumin ana samun hukunci masu karo da juna musamman a shari'ar zaɓe, in aka saki linzami gaba ɗaya lauya ba zai iya gaya wa mai ƙara makomarsa ba kafin ya kashe kuɗi. A ganina a ba ta damar warware hukuncinta na baya, amma da sharaɗin babban zama na alƙalai biyar ko fiye, su rubuta dalilin saɓawar ƙarara kuma duk rassa su bi.