Kujerar yaro ta mota ma tana da wa'adi: tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne kujerar yaro tana ƙarewa kamar magani?

Da gaske ne. Yawancin kamfanoni suna ba ta shekara 6 zuwa 10, kuma daga ranar ƙira ake fara lissafi, ko da ta shekara biyu a kwali kafin a saye ta. Ku kife kujerar ku duba ƙasanta ko bayanta, za ku ga takarda a manne ko rubutun da aka buga a jikin robar. Wasu kamfanonin kan rubuta ranar ƙarewar ƙarara, wasu kuma ranar ƙira kawai, sai an duba littafin kujerar a ga shekarun.

To me ya lalace, tunda ido bai ga komai ba?

Ai nan gizo ke saƙa. Ku ɗaga yadin da aka lulluɓe ta da shi: akwai ƙashin roba, akwai kuma farin soso mai tauri wanda aikinsa ya murƙushe lokacin karo, ya shanye bugun kafin ya kai kan yaro. Motar da aka ajiye a rana cikinta kan yi zafi ƙwarai, dare ya yi ta huce, gobe a maimaita. Shekara da shekaru a haka robar takan yi gautsi, ta yi tsaga sirara da ba a gani sai ranar da aka buƙace ta. Igiyoyin ɗaurin suna shan gumi da madara da amai, wani ma ya wanke su da bilic, abin da ke cin ƙarfin zaren. Makullin kuwa gutsuttsarin abinci kan cika shi, har ya daina yin ƙas ɗin nan da ke nuna ya kama.

Akwai masu cewa dabarar ciniki ce kawai. Ba shakka kamfani yana son a sayi sabuwa, amma ƙa'idojin ma suna sauyawa. A 2013 aka fara aiki da ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta ƙara gwajin karo daga gefe, ta kuma koma auna yaro da tsayi maimakon nauyi. Tun Satumbar 2024 aka daina sayar da kujerun tsohuwar ƙa'ida, R44, a shagunan Tarayyar Turai.

Idan an yi hatsari da ita fa?

Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ce a sauya ta bayan duk wani karo matsakaici ko babba. Ƙaramin karo a wurinta sai ya cika sharuɗɗa biyar duka: an tuƙa motar daga wurin, ƙofar da ke kusa da kujerar ba ta taɓu ba, ba wanda ya ji rauni, jakar iska, wato balan-balan ɗin kariya da ke kumburowa a mota lokacin karo, ba ta buɗe ba, kuma ba a ga wata illa a jikin kujerar ba. Wasu kamfanonin ma cewa suke a jefar ko da karon ƙarami ne.

Za a iya sayen ta hannu?

Daga wanda kuka sani kuka kuma yarda da maganarsa, i, muddin takardar kwanan wata tana nan kuma ba a rasa ko ɗaya daga cikin sassanta ba. Wadda ba a san tarihinta ba kuwa, a haƙura.

Me ya sa ake juya jariri yana kallon baya?

Kan jariri babba ne a kan jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan yana fuskantar gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe jikin, kan kuma ya wulla gaba, wuya ya ɗauki nauyin duka. In yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk kujerar ce ke tare su lokaci guda. Wani farfesa ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da samfurin irin wannan kujera a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannati ke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo. Har yau a Suwidin yara kan kai shekara 4 a haka. R129 ta wajabta shi zuwa wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 cewa take a bar yaro a haka har ya wuce iyakar tsayi ko nauyin kujerar. Iyaye kan damu ganin ƙafafunsa a lanƙwashe, amma yaro bai damu ba.

Uwa ta rungume shi a cinya bai isa ba?

Bai isa ba. A lokacin karo nauyin yaro kan ninka sau da yawa, babu hannun da zai iya riƙe shi. Alƙaluman NHTSA sun nuna kujerar tana rage haɗarin mutuwa da kashi 71 cikin 100 ga jarirai, da kashi 54 ga 'yan shekara 1 zuwa 4.

Yaya za a gane an ɗaura ta daidai?

Ku kama ta daga inda bel ya ratsa, ku girgiza. Kada ta motsa fiye da santimita 2.5. Bayan an ɗaure yaro, ku gwada tsunkular igiyar a kafaɗarsa, in yatsu sun kama ninki to da saura. A cire masa riga mai kauri tukuna, in ana sanyi a lulluɓe shi daga sama. Kada kuma a taɓa sa kujera mai kallon baya a gaban mota alhali jakar iska tana aiki.

Yaushe zai koma bel ɗin manya?

Tsayi ne ma'auni. A Birtaniya doka ta ce sai ya kai santimita 135 ko shekara 12, a Amurka ana ba da shawarar santimita 145. Kafin nan sai kujerar ɗagawa, don bel ya bi ta kafaɗa da saman cinya. In ya bi ta wuya ko kan ciki, lokaci bai yi ba.

Wadda wa'adinta ya cika, ina za a kai ta?

A yanke igiyoyin da almakashi, a cire yadin, a rubuta a jikin robar cewa ta ƙare, sannan a jefar. In aka yar da ita da kyanta, wani zai tsinta ya sa ɗansa a ciki.