Ku bar 'yan mata su yi tsalle, ƙashi suke ginawa

Duk wanda aka taɓa cire wa filasta bayan karaya ya ga yadda hannun ke fitowa a tsotse kamar sillen kara. Tsoka ta rame, ƙashin ma ya yi rauni, don ya yi makonni bai ɗauki nauyin komai ba. Ƙashi yana da rai. Kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, kuma inda nauyi ya fi sauka, nan ya fi zuba gini. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta haka tun 1892. 'Yan sama-jannati, da ba nauyin da ke danne su, kan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashin ƙugu duk wata.

Sai dai motsi ba ya gini shi kaɗai, sai homon sun ba da hannu, wato sinadaran da jiki ke saki cikin jini. Lokacin balaga homon ɗin girma da istirojin, wato homon ɗin da ya fi yawa a jikin mata, kan tashi tare, har kusan rubu'in ƙashin da mutum zai rayu da shi a cikin shekara biyu yake taruwa: wajen shekara 12 ga yarinya, 14 ga yaro. To, daidai lokacin ne muke cewa, "Ke, kin girma, zauna!" Mu hana ta tsallen igiya, 'yar gala-gala da gaɗa, alhali dirar ƙafa a ƙasa ita ce ƙashi ke so. Wajen shekara 30 asusun ya rufe. Ran da al'ada ta ɗauke, istirojin ya ja baya, abin da aka tara shi za a ci.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wurin aiki a asibiti shi ne ƙwayoyin "sha ka fashe". Wasunsu, irin su dexamethasone, kwaikwayon wani homon na daban suke yi: su kumbura kumatu, ta ciki kuma su rarake ƙashi. Kada a sha sai da takardar likita, wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke farat ɗaya, ta zo asibiti.

Gini kuma sai da kayan aiki. A Jos, wani bincike na 1999 ya nuna yawancin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, ne ya fi damunsu, ba rashin rana ba. A ba su nono da kindirmo, a daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a zuba a miyar kuka.