Yadda dutse ke lanƙwashewa da tsagewa: tambayoyin ɗaliban Tawa

Ɗaliban lise a Tawa sukan yi waɗannan tambayoyi idan aka zo darasin duwatsu.

Malam, abu mai tauri kamar dutse, ta yaya zai lanƙwashe?

Je ka tsaya wurin maƙeri. Ƙarfe in ya yi ja a wuta yana bin guduma duk inda ta kai shi. Dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 15 ko 20, cikin zafi yake, ga nauyin abin da ke bisansa. Ɓawon duniya kuma gunduwa-gunduwa ne, kowace na matsawa 'yan santimita a shekara. Inda biyu suka yi karo, shimfiɗun dutse sukan tattare, wani wuri ya yi tozo, wani ya yi kwari. Haka Himalaya ta tashi, bayan da Indiya ta ci karo da Asiya shekaru kusan miliyan 50 da suka wuce. Har yau akwai burbushin halittun teku a ƙololuwar dutsen Everest na Himalaya, mai tsayin mita 8,849.

To tsagewa fa?

Kusa da doron ƙasa dutse da sanyi yake, in an matsa masa sai ya fashe. Wata tsagar buɗewa kawai take yi. Wata kuwa ɓangarorinta biyu gocewa suke, wannan ya hau wancan ya nutse, ko su zame gefe da gefe. Ana gane ta idan ka bi layi ɗaya a jikin dutse, ya yanke maka, ka same shi ya ci gaba sama ko ƙasa.

Duwatsunmu na Adar ma haka suka tashi?

A'a. Dubi gefen tsauni a wajen Keita: fari, rawaya, ja, duk a kwance suke, ɗaya bisa ɗaya. Lakar teku ce da ta kwanta a nan shekaru kusan miliyan 60 baya, shi ya sa yara ke tsintar ƙwaryar dodon koɗi da ta zama dutse, kuma irin wannan farin dutse ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Ruwa ne ya ci kwaruruka ya bar tuddai. Mai son ganin dutsen da ya sha matsa sai ya nufi Abzin, inda karon da aka yi shekaru kusan miliyan 600 baya ya murɗe duwatsu, ya bar dogayen tsage daga arewa zuwa kudu.

Wane amfani sanin wannan zai yi mana?

Nan ne zancen ya fi damuna. Yammacin Yamai, a Liptako, da kuma kewayen Damagaram, ƙasan wurin dutse ne curarre, ba ya riƙe ruwa sai cikin tsaga da inda ya ruɓe. Masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, sun san haka: injin na ta feso farar ƙura busasshiya, sai bakin ƙarfen ya faɗa tsaga, ƙurar ta koma caɓi, ruwa ya biyo. Matsa 'yan taku kaɗan gefe, ka haƙa har ka gaji ba ɗigo. Gari ya tara kuɗi da ƙyar, bai kamata a kafa inji kafin masani ya auna wurin ba.

Ma'adinai ma tsaga suke bi. Uraniyum na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, yana jere ne a gefen wata babbar tsaga. Zinariyar Samira da ke Liptako kuwa tana cikin duwatsun da suka kai shekaru biliyan 2, inda ruwan zafi ya ratsa tsage ya ajiye ta.

Tsagar nan ba za ta jawo mana girgizar ƙasa ba?

Gocewar tsaga farat ɗaya ita ce girgizar ƙasa. Ta faru a tsaunukan Atlas na Maroko ranar 8 ga Satumba 2023, mutane kusan 3,000 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Can har yanzu Afirka da Turai na matsar juna. Nijar tana nesa da bakin karon, yawancin tsagenmu tsofaffi ne da suka daɗe ba su motsa ba.